Babban Yatsa a Gefen Gurasa

Lokacin da muke unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki, a gida ake kwaɓa fulawa, amma ba a gida ake gasa ta ba. Idan kwaɓin ya tashi, sai a mulmula, a jera a kan katako, a kai furun, wato gidan gashi na unguwa. Da yake gurasar gidaje da yawa ke shiga wuta ɗaya, kowane gida yana da shaidarsa. Wasu su tsaga da wuƙa, wasu su barbaɗa riɗi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, babban yatsa take dannawa a gefe, ta zuba habbatus sauda a ramin. Ta ce haka uwarta take yi tun suna Sudan, kafin su ƙetaro teku.

Ni ce auta, ni nake ɗaukar katakon a ka. Ban iya tuna fuskar mai furun ba. Abin da nake tunawa shi ne hantsi a kan duwatsu, da ɗumin katako yana ratsa gyalena, da ƙamshin da ke riga ni shiga lungu, ina bin sa kamar shi ya san hanya.

Lungun nan babu shi yanzu, otal ne a wurin. Muna zaune a bene a unguwar Shisha, gurasa kuwa a leda take zuwa. Inna ta tsufa, mantuwa ta kama ta. Idan na kawo mata shayi, sai ta gode mini da Larabci, irin godiyar da ake yi wa baƙuwa. Ba na neman komai sai ta gane ni, ko sau ɗaya.

Wata Juma'a na zauna kusa da ita na yi kwaɓi. Ita taga take kallo. Na jera a tire, na danna yatsa a tsakiyar ta farko, don hannuna ya riga ya manta.

“Ke Auta, wa ya koya miki haka?” in ji ta. “A tsakiya ai na Barebarin bayanmu ne. Gidansu za a kai.”

Ta jawo tiren, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dannawa a gefe, yatsan ko rawa ba ya yi. Sannan ta ce in yi sauri kafin layi ya yi tsawo, kuma in sa takalmi, ƙasa ta yi zafi.

Na sa takalmin. Na ɗora tiren a ka, na nufi kicin a hankali.