Ranar Da Na Shiga Ƙarƙashin Motar Baba

Shekarun baya, mahaifina yana tuƙa babbar mota, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu. Ni kuwa tela ne a Gumel, ban san komai a mota ba sai kujerar zama.

Wata safiya, ana gobe kasuwa, ya aiko a kira ni. Na tarar ya dawo daga Gagarawa, motar da ɗuminta. Ya ce, "Giyar motar tana ƙara. Zo mu canja mata mai." Na yi mamaki, domin bai taɓa yarda wani ya taɓa masa mota ba.

Na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi da sifana da daro. Na kama notin ƙasa zan kwance, ya ce, "Fara da na gefe, inda ake ɗurawa. In ka zubar da mai, shi kuma ya ƙi kwancewa, me za ka yi?" Na bi maganarsa. Da na zare na ƙasan, man ya kauce wa daro ya bi hannun rigata har hamata. Tela guda, ina tofar da man giya.

Na miƙa masa notin. Ya kai shi dab da fuska, ya juya shi a rana, sannan ya dawo mini da shi.

"Akwai garin ƙarfe a jiki?"

"Baba, ga shi nan yana ƙyalli."

"Man fa? Baƙi ne?"

Daron da na turo waje yana gaban ƙafarsa. Na leƙo na dube shi, sai na gane ba ya gani sosai.

"Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun damina. Jiya saura kaɗan na bi ta kan wata mata a Ɗanzomo. Ihun mutane na ji, ita ban gan ta ba."

Muka ɗura sabon mai da tiyo har ya taɓo bakin ramin, na ɗaure. Washegari wani abokinsa ya tafi da shanun. Daga baya aka yi masa aikin ido, ɗaya ya buɗe, amma bai sake hawa sitiyari ba har Allah ya karɓi ransa.

Sai da na manyanta na gane ba don man giya ya kira ni ba. Ya rasa yadda zai faɗa ne a cikin gida, gaban iyalin da yake ciyarwa da motar. Har yau ina gode masa da ya zaɓe ni. Allah ya jiƙan Baba.