Sunan Direban Albasa

Jama'a, yau na cinye jarrabawar baki ta Ingilishi! Dole in ɗauki waya in ba ku labari. Amma wallahi ba mushe malaminmu ne ya koya mini ba, kakata ce, Inna Delu, can Dogarawa.

Lokacin ɗari, in an gama lisha, sai ta hura wuta bakin rudun da muke aje albasa, mu kewaye ta. Ta tura icce cikin wuta ta ce, "Ku matso, wagga tatsuniya ba ta son nesa."

Wai wani direba ne daga Gana, shina zuwa ɗaukar albasa. Sunanshi ya yi ma mutane nauyi, sunka laƙa mishi Ɗan Gana. Kullum shina gyara musu, suna dariya. Wata shekara masassara ta kada shi, anka rufe shi bayan gari. Tun ranar, da magariba sai a ji ana ƙwanƙwasa rudu, wata murya ta ce, "Wane ne ni?" Duk wanda ya ce Ɗan Gana, da safe albasarshi ta zama baƙin ruwa. Gari ya kusa tashi, sai mai tuwon da yake ci wurinta ta fito ta kira shi daidai. Ƙwanƙwasa ta tsaya.

Nan Inna za ta sa halshe tsakanin haƙoranta, ta huro iska a hankali: "Theophilus." Na rantse ba muryarta ba ce. Wutar ma sai ta kwanta.

"Ke Rakiya, maimaita."

"Tafilas."

"Ja'ira! So kike albasar ubanki ta ruɓe? Halshe waje!"

Ba mai tashi sai ya iya.

Yau da anka ba ni labari in karanta, sunayen Turawa sunka yi ta zubowa daga bakina kamar na dangi. Mushe ya ɗago kai ya ce, "Bravo!"

Da can na zaci tsoro kawai Inna ke ba mu. Yanzu na gane mutum ne ya mutu nesa da gida, ba abin da ya rage mishi sai sunanshi, ita ko ta ba mu ajiya. Ta rasu bara. Yayyena duk suna ci-rani, ƙannena ko ba su same ta da ƙarfinta ba, ba su koyi sunan ba.

Ɗazu na kira Baba in yi mishi albishir. Ya ce madalla, an cika rudu. Kana ya ce, "Iska dai ta dame mu kwanan nan, da magariba sai ta yi ta bugun rudu."

Gobe da sassafe ina tashar Konni. Dole in isa Dogarawa kahin rana ta faɗi.