Ranar da Sista Asabe ta zaɓi wurin taro

Na san Sista Asabe Yohanna tun ina yaro a Gidan Dare. 'Yar kafinta ce, a Sakkwato aka haife ta, kuma rabin yaran layinmu a hannunta muka sha allura. Da na dawo daga karatu, na tarar an mayar da ita ɗakin ajiyar kaya a asibitin kuɗin da take aiki a Arkilla. Na tambayi dalili.

Ashe shugaban asibitin, Dakta Sharifuddeen, ya kwashe marasa lafiya mata ya kai su saman bene, ƙarƙashin kwano, ya mayar da ɗakinsu mai sanyi zauren taro. Asabe ta ce zafi zai illata su. A gaban ɗalibai ya amsa mata: "Sista, aikinki allura, ba shawara ba." Washegari aka sauya mata wurin aiki.

Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yafe ba.

Bara masu asibitin suka kafa kwamitin da nas-nas za su riƙa zama da shugabanni a yanke shawara tare. Shugabancin zaman karɓa-karɓa ne, kuma mai shugabanta ke zaɓar wuri. Aka miƙa wa Asabe na farko, ta ce a ba wasu, za ta jira Afrilu.

Ranar zamanta a Afrilu, bayan azahar, ta kai 'yan kwamitin bene. Babu wuta, fanka tsaye. Ta ajiye kujerar Dakta kusa da gadon wata dattijuwa, Uwani, wadda 'yarta ke mata fifita da kwali.

Uwani ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kai ma kwantar da kai aka yi? Allah shi ba ka lafiya. Wanga ɗaki ko gurasa gasawa yakai."

Kafin a yi nisa kaftaninsa ya manne da bayansa. Ya miƙe ya ce, "Na ji. Gobe a sauko da su."

Asabe ta ce, "Zamna, Likita. Ba kai kaɗai ka yankewa ba yanzu. Sai kowa ya yi magana."

Ta bi nas-nas ɗaya bayan ɗaya, har mai goge ƙasa ta sa aka kira. Sai da aka kira la'asar aka ɗaga hannu don ƙuri'a.

An sauko da matan. Na tambaye ta ko ta huce.

"Sun sauko," ta ce. "Ni har yau ina sito. Afrilu na sake zuwa."