Gidan da Hasiya Ta Saya a Bayan Kasuwa

Duk wanda ya san Hasiya ungozoma ya san ba ta da gaggawa. Ko haihuwa ce ta zo da gardama, sai ta wanke hannunta tsaf, ta dubi mace a ido, ta yi mata magana, sannan ta taɓa ciki. 'Yar Mandera ce, can aka haife ta, can ta yi firamare a lokacin da 'yan mata ba su da yawa a aji. Bayan ta gama makarantar aikin lafiya a Sakkwato, gwamnati ta yi ta yawo da ita: Horo Birni, Shagari, da wasu ƙauyukan da mota ba ta shiga idan ruwa ya zauna, daga ƙarshe aka kawo ta Boɗinga.

Duk wannan yawon, ba ta taɓa kwana a gidan kanta ba. Ko gidan ma'aikata, ko na haya. A Horo Birni ta samu ɗaki mai kyau, amma rijiyar da ke kusa ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da shi. A Shagari ita da mijinta Malam Garba, wanda yake malamin makaranta ne, sun kama wani gida da rani, gida fes da shi har da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ruwan farko da ya sauka sai da ya taɓa katifa, Malam Garba ya yi ta jidar littattafansa yana ɗorawa kan kabad yana dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba. Tun daga lokacin ta daina yarda da gidan da ta gani sau ɗaya.

Allah Ya yi wa Malam Garba rasuwa bayan sun dawo Boɗinga. 'Yarsu Sakina ta yi aure a Sakkwato. Da lokacin ritaya ya matso, Hasiya ta sayar da gadonta na gona a Mandera, ta haɗa da abin da ta daɗe tana tarawa, ta ce wa ƙanenta Aliyu, wanda ke koyarwa a Shagari, ya nemo mata dillali.

Dillalin, wani mai suna Sule, ya fara kai su sabuwar unguwar da ke bakin hanyar Sakkwato. Gida ne na bulo, ƙasansa tayil, ga tankin ruwa, ga ƙofar ƙarfe da mota za ta shige. Aliyu ya zagaya ɗakunan yana ƙwanƙwasa bango.

"Yaya, wanga gida ya yi. Ba hayaniya, ba wari. Ki huta da wahalar da kinka sha."

"Ya yi kyau," in ji Hasiya. "Zan komo."

Ta koma ɗin, amma ita kaɗai, cikin keke napep, da hantsi a tsakiyar mako. Ba ta ko nemi makullin gidan ba. Gidajen maƙwabta ta bi tana sallama. Na farko shiru. Na biyu mai gadi ya leƙo ya ce masu gidan suna Sakkwato, sai ƙarshen mako suke zuwa, wani lokacin ma ba sa zuwa. A na uku ta samu wata amarya mai fara'a, ta ba ta ruwa mai sanyi, suka ɗan taɓa hira. Hasiya ta tambaye ta sunan matar gidan da ke jikin nasu. Amaryar ta yi tunani, ta ce ta dai san mijin yana aiki a sakatariya. Da ta fito, Hasiya ta daɗe a bakin hanya kafin ta samu keken da zai mayar da ita cikin gari.

Ba ta kushe unguwar ba. Ta gaya wa Aliyu cewa wuri ne mai kyau ga mai mota da ƙuruciya, nan da wasu shekaru kuma zai cika. Ita dai ba ta da shekarun jira, ga hawan jini.

Gida na biyu yana shiyar bayan kasuwa. Na wani ɗan kasuwar albasa ne da ya rasu, magada suke son sayarwa. Ɗakuna biyu na bulo ne, sauran ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Aliyu bai ko gama shiga ba ya ɓata rai, don daga zaure ana jin ƙarar injin niƙa, ga awaki a lungu, ga yara suna ta guje-guje.

Hasiya ta ce wa Sule sai ta ga wurin da damina. Sule ya ce akwai wani Alhaji da ke so, kada ta yi sake.

"In rabonai na, shi saya," in ji ta. "Ni sai na ga ruwa ya sauka."

Kafin ruwan ya sauka ta yi ta zuwa. Ta je ranar kasuwa don ta ga iyakar inda cunkoso ke kaiwa. Ta je ranar Juma'a. Ta durƙusa ta duba gindin katangun lungun ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kwanciya, ta kuwa ga alamar a gidajen ƙarshen lungu, ba ta gan ta a wanda take son saye ba. Ta roƙi ruwan rijiyar gidan da ke kusa ta kurɓa, ta wanke hannu da sabulu. Ta sa wani direban asibiti da suka saba ya shigo da mota har ƙofar gidan ya juya, domin ta ga mata da yawa da aka ɗauko a baro saboda lungunsu ba ya shiguwa. Ta bi yara har inda suke zubar da shara, abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Yaran kansu ta dube su da idon aiki: ƙura dai ga ta har gira, amma ba ta ga masu ƙaton ciki da jan gashi ba.

A cikin wannan zirga-zirgar ta saba da Inna Mairo, tsohuwar da gidanta ke kallon wanda ake sayarwa, mai dama fura. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, hadari na haɗuwa Hasiya ta bar abin da take yi ta nufi can. Ruwan ya same ta a zauren Inna Mairo, suka zauna kan tabarma suna kallon lungu.

Ruwa ya taho da ledoji da karan dawa ya toshe magudanar da ke ƙarshen lungu, ya fara taruwa. Hasiya ta zuba ido ta ga abin da za a yi. Ba a kira kowa ba, sai ga tela ya fito daga shagonsa ya naɗe ƙafar wando, riƙe da shebur. Mai injin niƙa ya kashe injinsa ya biyo shi da fartanya. Wani malamin asibitin dabbobi ya fito da buhu a ka. Suna aikin suna yi wa juna tsiya a kan wanda 'ya'yansa suka fi zubar da leda. Kafin ruwan ya tsagaita hanya ta buɗe.

"Inna, ki gaya mini aibin shiyar ga," in ji Hasiya.

Tsohuwar ba ta ɓoye komai ba. Ta ce injin niƙa tun da sassafe yake farawa. Sauro akwai shi da damina. Wuta sai ta ga dama. Akwai kuma wasu mata biyu a ƙarshen lungu da ba sa ga maciji da juna tun wani rikicin kaza, kada ta yarda ɗaya ta ja ta gefenta.

"To in na kwana biyu ban hito ba, wa za shi sani?"

Inna Mairo ta dube ta kamar ta yi tambayar yara.

"Kwana biyu? Ɗiyata, nan in rana ta ɗaga ba a ji tsintsiyarki ba, Shatu matat tela ta leƙo ta katanga. Abin da za ki yi kuka da shi ke nan, ba su barin mutum."

Hasiya ta shanye furar da Inna Mairo ta dama mata, ta tsallaka ta shiga gidan da ake sayarwa, ta duba kowane ɗaki yayin da rufin ke jiƙe. Ɗakin ƙasa ɗaya yana yoyo ta kusurwa. Tsakar gida kuwa ruwa ya bi ta rariya ya fice.

Da ta gaya wa Aliyu wannan gidan za ta saya, ya so ya hana ta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Na ji ka. Yoyo gyarawa a kai. Shara kuma in na shigo za mu yi maganatta da mai unguwa. Wanga ni ka so." Abu ɗaya ta dage a kai: sai duk magadan sun zauna gaban mai unguwa, har da 'yar marigayin da ke aure a Shagari, kowa ya faɗi da bakinsa ya yarda. Wannan ya ja lokaci, Sule ya yi ta ƙorafi, amma haka aka yi.

Ta tare bayan an girbe gero. Abin da tsohuwar ta faɗa duk ya tabbata, har da ƙari. Da labari ya bazu cewa ungozoma ta shigo shiya, sai zaurenta ya koma kamar ɗakin awo: mai ciki, mai goyon da ke zazzaɓi, tsohon da ke son a gwada masa jini. Hutun da Aliyu ya so mata bai samu ba. Da abin ya yi yawa ta tara matan, ta ce tana nan bayan la'asar ga mai tambaya, amma ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa a gida, wadda naƙuda ta kama za ta raka ta asibiti da ƙafarta. Wasu sun ji haushi, suka ce tana da tsauri. Ba ta canza ba, su ma ba su daina zuwa ba.

Bara ta rushe ɗakin ƙasar da ke yoyo, ba ta sake gina shi ba. Ta sa aka kawo mata taki daga Mandera, ta shuka zogale da yakuwa da 'yan kunyoyin albasa a wurin. Sakina, da ta zo hutu da 'ya'yanta, ta ce ai da ɗakin baƙi aka yi. Hasiya ta ce ɗakunan da suka rage sun ishe su, ta miƙa mata kwarya ta ce ta tsinko ganyen da za a yi kwaɗon rana.