Zauren da Yaya Rakiya Ta Share a Intanet

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta a Kiru, amma a watan jiya na ji ta yi magana. Kada mai karatu ya ce direban nan ya fara taɓuwa, a dai bari in kai ƙarshe.

Ni ƙaninta ne, ƙaramar bas nake ja tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa. Ita kuwa ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata kwaleji a yankinmu, daga baya aka ɗora mata kula da shafin kwalejin na intanet. Shafin nan a lokacin ya sha ado: ga hoton ƙofar makaranta, ga dogon jawabin shugaba, ga tarihin kafuwa. Amma in ranar rufe rajista kake nema, sai ka yi ta shiga nan kana fita can har datarka ta ƙare.

Ni na kai mata ƙara ban sani ba. Duk lokacin rajista nakan ɗauko yara da iyayensu da safe, da yamma in mayar da su jiki a sanyaye, wannan ya baro takarda a gida, wancan ya zo ranar da ba a karɓa. Wata rana muna cin tuwo na ba ta labarin wani dattijo makiyayi da ya bar shanunsa yana ta zarya da ɗansa a banza. Ni hira nake yi, sai na ga ta tsame hannu daga kwano.

"Ashe mu ne muke cika maka mota da masu kuka, Sani?"

Daga nan ta mayar da tasharmu ofishinta na ranar Asabar. Sai ta miƙa wa fasinja wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ta ce ya nemo mata ranar komawa makaranta, sannan ta goya hannu a baya ta yi gum. Ko mutum ya ɓace ba ta nuna masa hanya, kallon inda yatsansa ya tsaya kawai take yi, ta je ta gyara wurin. Da ni take fara gwaji, wai in Sani ya gano, kowa ma ya gano. Har yau ban huce da wannan cin fuska ba! Takan kuma bi motata har bayan Tudun Wada, inda sabis ke yi wa mutane rowa, duk hoton da ya hana shafi buɗewa ta sauke shi.

Ta sha fama kafin manya su yarda a matsar da jawabin shugaba ciki, a jera tambayoyin mutane a gaba. Hujjarta ɗaya ce: shafin farko zaure ne, baƙo kuwa ruwa ake fara ba shi, ba tarihin gida ba. In aka ce mata matambayi ba ya ɓata, sai ta ce, "Sai fa in ya sami mai amsawa."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau, kowa da waya a hannu, amma jita-jita ta fi sanarwa gudu. Amsar ta zo mini ta hannun 'yarta Zulai, wadda ta bari tana firamare, take zaune da kakarta a Doguwa. Bana Zulai ta sami gurbi a kwalejin nan, sai ciwo ya kwantar da tsohuwar, Zulai ta tare a asibiti tana jinyarta har ranar rajista ta wuce. Ƙawaye suka ce an rufe, sai baɗi. Na same ta idanu sun kumbura.

"Kawu, shi ke nan, na rasa."

Na ce ta dai duba shafin. Muka fita bakin titi neman sabis, ya kuwa buɗe nan take. An sake masa launi, an sabunta ranaku, amma tambayoyin suna nan a sama. Ta taɓa wadda ta ce "Ka makara?" Ta fara karantawa a bayyane: "Kada ka juya gida. Wanda jinya ko rasuwa ta tsare ana ɗaga masa ƙafa. Taho da shaidar asibiti, ka nufi ofishin da ke hannun dama da shiga."

Sai ta ɗago kai ta dube ni. "Kawu, wallahi Umma ce. Haka take ce mini in na makara makaranta: kada ki juya gida."

Na hau tasbihi. Ikon Allah! Mace ta rubuta magana don ɗan wani makiyayi da ko sunansa ba ta sani ba, ashe ajiya take yi wa marainiyarta. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da can da kunne na san wannan magana, ranar nan kuwa na gan ta da idona.

Yaya ba ta bar gini ba, babu kuma inda aka rubuta sunanta a shafin nan. Allah Ya ji ƙanta, Ya sauƙaƙa mata hanya kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinSa.

Washegari na ɗauki Zulai a kujerar gaba, da takardar asibiti a jakarta. Aka yi mata rajista, na baro ta a kwalejin. Da yamma na kamo hanyar Doguwa, yaran tasha suna ta turo mini fasinja, na ce a bar kujerar nan haka. So nake in riƙa kallonta babu kowa har gida.