Man Shanun Maccido

A Goronyo, in ka ga takalmi ya shekara biyar bai tsage ba, ba sai ka tambaya ba, ɗinkin Maccido baduku ne. Mutum ne mai taurin kai kamar kilabo, jemammiyar fatar shanun da yake yanka, kuma yana da ƙa'ida guda da ya gada wurin ubansa: fata ba ta barin hannunsa da ƙishirwa. Kube ne ko linzami, sai ya mulke shi da man shanu kafin ya miƙa. Abokan wasansa na cewa rabin man Fulanin yankin a zabirarsa yake ƙarewa.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ita ma bayan shekara goma sha huɗu da aure, shi ya sa ake kiranta Kyauta. Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, a wata damina da gulbin Rima ya cinye hanyar mota, ta dawo gida haihuwar fari. Naƙuda ta kwana biyu, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibitin Sakkwato.

A mashaya akwai ƙaramin jirgi mai inji na Turawan da ke awon fadama. Baturen da ke shugabantarsu ya yarda a ɗauke ta, amma Mode, mai kula da injin, ya ce bel ɗin da ke juya famfon ruwan sanyaya inji ya tsinke, sabo kuma sai daga Sakkwato. Maccido ya karɓi tsinkakken, ya juya shi, ya ce ai wannan ɗamara ce kawai. Ya zaɓi kilabo mafi kyau, ya yanka daidai awo, ya ɗinke bakin da basilla. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Ko cikin wannan gaggawa bai manta ba, ya lakato mai ya mulke shi ciki da waje, ya goge har ya yi sheƙi.

Mode ya sassauta kusoshi, ya ɗora bel ɗin, ya ɗaure, ya danna da yatsa ya ji ya yi tauri. Inji ya tashi, aka kwantar da Kyauta a kan tabarma, uwarta na riƙe da kanta, Maccido na zaune a gefe.

Ba su kai Wurno ba ruwan sanyaya inji da ke fita ta gefen jirgi ya ɗauke. Inji ya yi zafi, ya yi hayaƙi, ya mutu. Mode ya taɓa bel ɗin, ya shinshina yatsunsa.

"Baba, mi ka shafa ma bel ɗin ga?"

"Man shanu na. Don kar shi bushe."

Mode ya sunkuyar da kai. Ya yi masa bayani a hankali cewa da zafi ya narkar da man, sai bel ya riƙa santsi, famfo ya tsaya cak. Ruwa ya tura su cikin ciyawar fadama, suka yi ta fama da gora. Kyauta ta cika bayan la'asar, ana hango itatuwan Wurno.

Babu wanda ya zargi Maccido, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya yi shekara goma sha ɗaya a bayanta yana ɗinki, amma bai ƙara taɓa mai ba. Takalmansa suka riƙa tsagewa tun kafin bazara, masu saye suka watse, ana cewa tsufa ya ci hannunsa. Wata rana wata Bafulatana da ta saba kawo masa ta tsaya a bakin rumfarsa da ƙwaryar mai, ta ce an daɗe bai saya ba.

"Wuce da shi, ɗiyata," in ji shi. "Wanda nis shafa rannan har yau bai ƙare ba."