Ɗinkin Da Na Yi Da Zaren Riga

Ni tela ne a Banifandu, kuma sai da na yi furfura na shiga karatun manya. Wata ranar Talata mushe, wato malaminmu, ya kawo mana takarda mai hoton jirgin ruwa na dā, irin wanda ya kwashi Turawan Ingila na farko zuwa hayin teku. Babu inji. Katako ne da igiyoyi da manyan ƙyallaye, iska ke tura su. Muka bi rubutun da yatsa: wata da watanni suna kan ruwa, mata da yara a ciki, in hadari ya taso ƙyalle ya yage sai jirgi ya juya yadda iska ta so.

Sauran ɗalibai ruwan suke kallo. Ni ɗinkin ƙyallayen nake kallo.

Kwana biyu kafin nan wani dattijo mai kawo kabewa a jirgin ruwa ya kawo mini buhuna goma sha biyu, in haɗe masa su ƙyalle ɗaya da zai ɗaura a jirginsa, iska ta taimaka masa komawa gida. Zare mai ƙarfi ya ƙare mini a rabin aiki. Na ƙarasa da zaren riga, na ce ai buhu ne. Ya kuma ce da matarsa da jikarsa zai koma.

Ban jira an tashi daga aji ba. Na biya shago na ɗauki basilla da zare mai kauri, na hau kabu-kabu zuwa bakin gulbi. Damina ce, gabas ta fara yin baƙi. Duk hanya ba abin da nake gani sai ɗinkin nan yana warwarewa a tsakiyar gulbi.

Na tarar suna loda kaya.

"Tela, lafiya? Ko kai ma tafiya za ka yi?"

"Baba, kwance ƙyallen nan. Rabinsa zaren riga ne."

Ya dube ni, ya dubi hadarin. Ya sa hannu biyu ya ja gefen da na nuna. Ɗinkin ya buɗe kamar taki ɗaya, ba ko ƙara.

"To, shigo ka gyara. Na riga na ɗaure shi, ba na saukewa."

Ban taɓa taka jirgi ba, ban iya iyo ba. Na shiga da rarrafe. Ruwan ja ne, yana gudu, jirgin yana rawa a ƙarƙashina. Sau biyu basilla ta shige mini yatsa.

"Malam tela, kai kake girgiza jirgin ko shi ke girgiza ka?" in ji matar.

Na ci gaba da ɗinki. Na bi kowane layi sau biyu. Da na gama, tsohon ya taka gefe ɗaya ya ja da iyakar ƙarfinsa, bai buɗe ba.

Suka jira hadarin ya wuce, sannan suka tura jirgi. Na zauna kan wani dutse a bakin ruwa, ina kallon ƙyallen har jirgin ya yi nisa.